Wa ya gina badalar Kano, Rumfa ko Gijimasu?

Ɗan Kurmi: Jama'a, ni dai tun ina yaro abin da na sani shi ne Sarki Muhammadu Rumfa ne ya gina badalar Kano. Yau kuma wani yaro ya ce mini wai ba haka ba ne.

Malamin Makaranta: Alhaji, yaron nan bai yi ƙarya ba. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Gijimasu, jikan Bagauda sarkin Kano na farko, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Ana sa mulkin Gijimasu daga 1095 zuwa 1134, Rumfa kuwa 1463 zuwa 1499. Ka ga tsakaninsu ya haura shekara ɗari uku.

Ɗan Kurmi: To Malam, wa ya kafa kasuwar Kurmi? Wa ya gina gidan sarki da har gobe ake cewa Gidan Rumfa?

Malamin Makaranta: Shi ne, ba musu. Har ganuwar ma ya faɗaɗa ta. Amma wanda ya ƙara ɗaki a gida ba shi ya sa tubalin farko ba.

Hajiya ta Dala: Ku dakata. Malam, ni shekarun nan naka ne ba su kwanta mini ba. Wa ya tsaya a Dala a 1095 ya rubuta? Kundin nan tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, wane shekara kaza, wane shekara kaza. Bature Palmer, da ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, shi ya yi lissafi da baya ya fitar da shekarun, har da 999 ɗin da ake liƙa wa Bagauda. Kuma masana da dama na ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara kundin a yadda muka san shi. In an yi kuskure a mulkin sarki ɗaya kawai, shekarun duk waɗanda suka gabace shi sun goce.

Ɗan Kurmi: Yauwa Hajiya! Ashe dai Rumfa ne.

Hajiya ta Dala: A'a Yaya, kar ka ja ni ɓangarenka. Shekarun nake tuhuma, ba jerin sarakunan ba. Kundin da ke yabon Rumfa, ya lissafa ayyukansa, shi ɗin dai ya ba Gijimasu farkon ganuwa. Da Rumfa ne ya fara, mai ba da labarin ba zai hana shi wannan ba.

Ɗalibi: Ranku ya daɗe, ina ganin kowa da gaskiyarsa, domin ganuwar ba ɗaya ba ce. Ta farko ƙarama ce, ta kewaye Dala da unguwannin da ke gindinta. Rumfa ya ƙara, Muhammadu Nazaki ma ya ƙara a ƙarni na 17.

Malamin Makaranta: Ɗana, "kowa da gaskiyarsa" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Alhaji cewa ya yi Rumfa ya gina. A ce ya faɗaɗa, shi ke nan.

Ɗan Kurmi: To ni ɓangaren da ya kewaye gidan sarki nake nufi.

Hajiya ta Dala: Yanzu kuma ka koma can? Ɗalibi, kai da kake kusa da Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, shiga ka ɗauko mana hoton taswirar ganuwar mu ga inda kowane sarki ya tsaya.