Neman kalma: me za mu kira "difireshan" a shirin masu ciwon suga?

MaiShirinLafiya: Salamu alaikum. Gobe da safe za mu naɗi shirin rediyo na Ranar Ciwon Suga ta Duniya, 14 ga Nuwamba. Za mu yi magana kan suga nau'i na 2, wanda ya fi kama manya, da abin da likitoci ke kira difireshan. Bincike ya nuna ya fi yawa a masu suga, kusan ninki biyu. Na rubuta "baƙin ciki", amma bai kwanta mini ba.

Yakumbo: Kada ka soma, ɗana. Ka ce masu suga sun fi kowa baƙin ciki? A kasuwa za a ce ka kira su 'yan hassada.

NasKano: Mu a asibiti "ciwon damuwa" muke cewa, kuma ana ganewa.

MalaminHausa: Damuwa ta yi arha. Wanda aka ɗauke wa wuta ma yana cikin damuwa. Ni "dusashewar rai" nake koya wa ɗalibaina. Kamar yadda murya ke dusashewa, haka rai.

NasKano: Allah gafarta Malam, ka yi gaskiya ta wani gefe, don abu biyu ne. Akwai gajiya da cutar kanta: kullum a huda yatsa, a yi allura, a ƙaurace wa tuwo da lemo, ga tsadar magani. Wannan damuwa ce. Difireshan kuwa sai an yi aƙalla mako 2 mutum ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, yana ganin ba shi da amfani. Daga nan ya saki magani, suga ya hau. Amma in na ce wa tsohuwa ranta ya dusashe, sai ta ɗauka ajali nake nufi.

Ɗan_Zariya: Mutuwar zuciya fa?

Yakumbo: Wannan zagi ne, ragwaye ake gaya wa.

BaMaraɗe: Ku fara gyara "suga" tukuna. Mu nan sukari muke cewa. Kun cika Hausa da Ingilishi, sannan ku ce taku ce daidaitacciya.

Ɗan_Zariya: Sukarin ma ai daga Larabci aka aro shi, yallaɓai. Kuma wa ke cewa "montur" maimakon agogo?

MalaminHausa: Abin da nake faɗa ke nan. Aro, aro, aro. In ba mu ƙirƙira ba, wa zai ƙirƙira mana? Dusashewar rai.

MaiShirinLafiya: Jama'a, ƙarfe 8 zan shiga situdiyo. Zan ce "ciwon tsananin damuwa", likita ya bambanta shi da damuwar yau da kullum. "Taɓin hankali" kuwa ba za ta fito daga bakina ba, kar masu sauraro su guji asibiti.

MalaminHausa: Kalma uku a wurin ɗaya. To, je ka. Amma ka ambaci tawa ko sau ɗaya, mu ji abin da masu bugo waya za su ce.

BaMaraɗe: Sukari dai.