Me ake rubutawa a jikin katin wasan katun don kada yara su yi ta gardama?

Ɗan Ringim

Assalamu alaikum yayyena. Matasan wani ƙauye kusa da Ringim ne suke son haɗa wasan kati irin na tarawa, samfurin Pokémon ko Yu-Gi-Oh!, amma da Hausa, kuma a kan Tom da Jerry tunda su yara suka fi sani. Mai zane yana nan. Inda ta cije shi ne rubutu. Ga abin da aka sa a kati ɗaya: "Jerry mai wayo ne, idan Tom ya biyo shi ya gudu ya ja kati." Duk yaron da ya karanta da irin fahimtar da yake yi masa. Ina gyaran yake? Kati nawa ya kamata a fara da su, kuma yaya za a buga?

Malam Na-Kazaure

Wa alaikumus salam ƙanena. Abu biyu kuka cusa a layi ɗaya: labari da doka. "Jerry mai wayo ne" labari ne, ba ya umartar kowa da komai. Wurinsa can ƙasan kati, da karkatattun baƙaƙe, don a san ado ne. Abin da ke tsakiyar kati kuwa doka ce, da ita ake yanke hukunci. A Magic: The Gathering, wanda ya buɗe wannan fage a 1993, ƙa'idar ita ce idan rubutun kati ya saɓa wa littafin dokoki, kati ake bi. Ka ga ke nan kuskuren kalma ɗaya ya isa ya ɓata wasa.

Sai kuma matsalar da ta shafe mu mu kaɗai. A rubuce, "ya ja kati" yana iya zama labarin abin da ya riga ya faru, yana kuma iya zama umarni, don ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali. Sannan wane ne "ya"? Jerry ne, ko Tom, ko yaron da ke riƙe da katin? Maganin shi ne a tsayar da sunaye biyu kada a canza su: "mai katin" da "abokin karawa". Wannan ya kuma raba ku da rigimar "ka" da "ki", tunda 'yan mata ma za su buga. Umarni ya fara da "sai", zaɓi ya zo da "yana iya". Kada a haɗa su.

Jerin ya zama iri ɗaya a kowane kati: yaushe, da me za a biya, me zai faru. Katinku sai ya koma haka: "Idan aka kai wa wannan kati hari: mai katin yana iya mayar da shi hannunsa. Idan ya mayar, sai ya ja kati 1 daga kasuwa." Kamfanin Konami sai da ya gyara salon rubutun Yu-Gi-Oh! a 2011 saboda irin wannan ruɗani, ya sa ɗigo biyu bayan sharaɗi, ɗigo da waƙafi bayan abin da ake biya. Ku ari wannan, kyauta ne. Kalmar "kasuwa" kuma na sa ta da gangan: duk wanda ya taɓa buga whot ya san tulin da ake nufi.

Ku buɗe ƙaramin littafi na kalmomin wasa. In an ce "ja" yau, kada gobe a ce "ɗauki" ko "zaro", don yaro zai ɗauka abubuwa uku ne daban.

Yaya Ta Gumel

Malam ya gama da doka, bari in taɓa hali. Tom da Jerry, tun da William Hanna da Joseph Barbera suka fito da su a 1940, kusan ba sa magana. To kada ku sa musu zance a baki. Halinsu ya fito a abin da katin yake yi. Katin Tom ya zama mai ƙarfi amma tarkonsa na komawa kansa: "Idan harin wannan kati bai ci ba, sai mai katin ya yar da kati 1 daga hannunsa." Yaro na karantawa zai yi dariya, don ya san Tom ke nan. Karen nan Spike kuwa ba ya fara tsokana, sai an taɓa nasa, don haka ikonsa ya tashi ne kawai idan an kai wa katin da ke gefensa hari. Layin ado kada ya wuce kalma goma sha biyu, kuma muryar mai kallo ce, irin "Wanda ya haƙa ramin mugunta..." a bar yaro ya ƙarasa.

Amma ƙanena, akwai maganar da ta fi wannan nauyi. Tom da Jerry mallakar Warner Bros. ne. Masu rubuta wa irin waɗannan wasanni da lasisi suke aiki, kamar yadda kamfanin Ravensburger ya fitar da wasan kati na Lorcana a 2023 da izinin Disney, kuma mai haƙƙin yana duba zane da rubutu kafin a buga. Ranar da kuka kai su kasuwar Ringim da farashi, kun shiga haƙƙin wani. In sayarwa ce niyyarku, ga Gizo da Ƙoƙi, ga Kura, ga Dila malamin daji, ga Botorami. Babu mai neman ku biya shi, kuma wayon Gizo ya fi na Jerry faɗi wajen ƙirƙirar kati.

Sannan ku guji ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba. A ƙauye, "karta" kaɗai ta isa ta ɗaga wa iyaye hankali. In aka ƙara biyan kuɗi a kan sa'a, sunansa caca kafin la'asar. Ku fitar da cikakken saiti, kowa ya san abin da ya saya.

Mai Firinta Bichi

Girman da aka saba shi ne milimita 63 a 88, irin na Pokémon; na Yu-Gi-Oh! ya ɗan fi ƙanƙanta, 59 a 86. A takardar A4 kati tara ke shiga, uku-uku, don haka kati 60 takarda bakwai ce. Kada ku kai launi har bakin kati. Ku bar farin gefe, in ba haka ba wuƙa na kaucewa kaɗan za a gani. Nauyin kwali ya kai giram 300 a kowace murabba'in mita, mai sirantaka ana hango gaban ta baya a rana.

Abin da ya fi lalata aiki shi ne ɓ, ɗ da ƙ. Yawancin salon baƙaƙe masu ado ba su da su, sai kwamfuta ta cike da wani salo ko ta fitar da ɗan akwati. Ku yi amfani da salon baƙaƙe na Andika ko Noto Sans, ku mayar da aikin PDF kafin ku kawo shago. Girman rubutu kada ya gaza lamba 8, don da fitilar waya za a karanta shi. Tawadar ruwa tana zuba da gumin hannu, balle da damina. Injin leza ya fi. In za a yi lamineshin, a yi wa takardar gaba ɗaya sannan a yanka, a kuma zagaye kusurwoyi. Bayan kati ya zama zane ɗaya tak.

Malam Na-Kazaure

Na manta da adadi. Pokémon kati 60 ne ga kowane ɗan wasa, Lorcana kuma aƙalla 60, iri ɗaya kada ya wuce huɗu. Ku kada ku fara da haka. Ku raba 60 ɗin biyu, 30-30, wato iri goma sau uku a kowane ɓangare. Rubutu ashirin ke nan, wanda mutum ɗaya zai iya tsefewa. Ko a 60 mai kwafi huɗu, damar ganin wani takamaiman kati a hannun farko na kati bakwai kusan kashi 40 cikin 100 ce kawai, don haka kada a rubuta katin da ba ya aiki sai wani kati guda ya fito.

Kafin ku je wurin Mai Firinta, ku yanka kwalin sabulu ku rubuta da biro. Ku ba yara biyu da ba su san wasan ba, ku zauna gefe ku kama bakinku. Duk katin da suka ɗago kai suka tambaye ku ma'anarsa, ku ware shi gefe, a sake rubuta shi a daren.