Tantance kogunan gandun dajin Amurka: kariya ce ko ƙwace?

Kawu: Salamu alaikum jama'a. Ɗana na Idaho, bayaninka na jiya na kwana da shi. Ka ce ma'aikatan gandun dajin Amurka na bin kogunan da ke dazukan gwamnatin tarayya ɗaya bayan ɗaya, wanda suka ga ya cancanci shiga jerin waɗanda doka ta hana a datse, sai su fara tsare shi tun majalisa ba ta ce uffan ba. Ni a wurina wannan ƙwace ne aka sa wa rigar boko. Ma'aikaci ya zauna gaban taswira ya ja layi, makiyayin da kakansa ya shayar da shanu a wurin ya wayi gari an ɗaure masa hannu. Wa ya zaɓi ma'aikacin nan?

Ɗan Idaho: Wa alaikumus salam, Kawu. Ba gaban kansa yake yi ba, majalisar ce ta sa shi. Dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ran 2 ga Oktoba 1968 ta fara da koguna 8, ta kuma umarci hukumomin tarayya su riƙa duba waɗanda za a iya ƙarawa duk lokacin da suke tsara amfani da filayensu. Matakin farko tambaya biyu ne kacal. Kogin na gudu yadda Allah ya yi shi, ba madatsa? Kuma yana da wani abu guda da ya fita daban a yankin, ko kifi, ko namun daji, ko duwatsu, ko tarihi, ko kyan gani? In an samu, ya cancanta. Ayyana shi kuwa ba aikinsu ba ne. Sai dai majalisa, ko kuma gwamnan jiha ya nema, sakataren harkokin cikin gida ya amince.

Kawu: To, ka ga da bakinka ka faɗa. Ba a ayyana ba, amma an fara tsarewa. An yanka ta tashi ke nan ko me?

Anti Lauya: Kawu, a yi mini afuwa in shigo. Tsarewar da ake faɗa, hukumar kanta ta ɗaure, ba kowa ba. Alkawari ta yi cewa a filinta, kamar mita 400 daga kowace gaɓa, ba za ta ba da izinin aikin da zai ɓata abin da ya sa kogin ya cancanta ba. Gonar mutum ba ta shiga ciki. Ko bayan majalisa ta ayyana, dokar ba ta ba tarayya ikon gaya maka abin da za ka shuka a filinka ba. Har ma ta ce in rabin filin da ke bakin kogin ko fiye na gwamnati ne, ba za a karɓe na jama'a dole a mallake ba. A gandun daji kuwa galibi haka abin yake. Haƙƙin ɗiban ruwa da mutum ke da shi tun da can yana nan daram.

Injiniya: Ni shanun Kawu ba su ne damuwata ba, wuta da ruwa ne. Zuciyar dokar nan ita ce hana hukumar makamashi ta tarayya ba da lasisin madatsa a kan kogin da aka ayyana. Ƙasar da ta riga ta gina manyan madatsun Hoover da Grand Coulee tana iya wannan gata. Mai ƙoshi ne ke zaɓen miya.

Ɗan Idaho: Yaya Injiniya, bari in ba ka abin da na gani da idona. Bara na bi titi mai lamba 12 ta gefen kogin Lochsa, wanda ke cikin rukunin farko na 1968. Na tsaya na sa ƙafa, sanyin ya ratsa ni har haƙori, amma kana iya ƙirga tsakuwar da ke ƙasa. Titin na manne da kogin, shi ya sa ma cikin aji uku da dokar ta kasa koguna aka sa shi a na uku, na shaƙatawa, ba ajin dawa da ba a shiga sai da ƙafa ko jirgin roba ba. Kenan titi ko gida ba sa hana kogi shiga.

Da na gangaro wajen Orofino sai ga madatsar Dworshak a kan reshen arewa na kogin Clearwater, bangon kankare mita 219, an gama shi a farkon shekarun 1970. Babu hanyar da kifi zai hau. Kifin da ke tasowa daga teku ya haura ya yi ƙwai, wanda ƙabilar Nez Perce ta dogara da shi tun kaka da kakanni, a nan tafiyarsa ke ƙarewa. Sai da aka gina wurin ƙyanƙyasar kifi a ƙasan bangon don maye gurbi. Kogi ɗaya, reshe biyu, tafiyar da ba ta kai ta wuni ba tsakaninsu.

Injiniya: Ƙanina, ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Dworshak na ba da wuta, tana tare ambaliya, kuma da zafi ruwanta mai sanyi ake sakowa don a sanyaya kogin Snake saboda wannan kifin dai da kake wa kuka. Mu ma nan, ban da Tiga da aka gama a 1974, da me za a yi noman rani a Kadawa da Kura?

Ɗan Nguru: Injiniya, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ku na sama kun samu tumatir da shinkafa, mu na ƙasa mun samu kacala. Tun da Tiga da Challawa suka canza zuwan ambaliya, fadamar Haɗeja da Nguru ta tsuke, ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, inda ake so ya je bai je ba, inda ba a so ya kwanta. Rigimar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ai a kan wannan tsoron ta daɗe. Abin da ya ba ni sha'awa a tsarin na Amurka ba hana madatsa ba ne. Shi ne a zauna a rubuta abin da kogi ke da shi tun ba a kawo katafila ba.

Kawu: Duk na ji. Amma Hajiya lauya, gaya mini tsakaninki da Allah: an taɓa korar shanu saboda dokar nan ko ba a taɓa ba?

Anti Lauya: An taɓa, Kawu, ba zan rufe maka ba. A ƙarshen shekarun 1990 wata kotun tarayya a jihar Oregon ta sa an janye shanu daga wasu sassa na bakin kogin Owyhee, don an nuna kiwon na ɓata gaɓar. Sai dai filin gwamnati ne da ake kiwo da izini, a hannun wata hukumar filaye daban, kuma kogin an riga an ayyana shi, ba mai jiran gado ba ne. A sashen da ke ajin dawa kuma, ba a buɗe sabon ramin haƙar ma'adinai.

Kawu: Alhamdulillahi, ashe ban yi mafarki ba. Makiyayi bai damu da ko filin na sarki ne ko na gwamna ba, mashaya ya sani. Shi ya sa, ɗana, da ka ce masu shanu a jihar New Mexico sun tayar da ƙayar baya kan ƙudurin sa kogin Gila a jerin, ban yi mamaki ba.

Ɗan Idaho: Hila suke kiransa, Kawu, lafazin Sifaniyanci. An gabatar da ƙudurin a 2020, kusan mil 450, kuma lalle an sha cacar baki. Amma ni inda nake ganin gizo ke saƙa daban ne da naka. Akwai mataki na biyu, na dacewa. A nan ake ɗora siyasa a sikeli: me shugabannin gunduma suka ce, nawa za a kashe, katako da ma'adinai fa? In hukuma ta ce kogi ya cancanta amma bai dace ba, wannan 'yar kariyar ta wucin gadi sai ta zare. A sabon tsarin gandun Nez Perce da Clearwater haka aka yi, koguna da dama suka ci jarrabawar farko, 'yan ƙalilan suka tsallake ta biyu. Masu kare koguna su ne ke ihu a nan, suna cewa ma'aikaci ya yanke hukuncin da na majalisa ne. Kalmarka ce sak, Kawu, sai dai daga ɗaya gaɓar.

Injiniya: To ai ma'aikacin nan ya shiga uku. Ya tsare a zage shi, ya saki a zage shi.

Anti Lauya: Kuma duk ƙurar nan a kan ɗan abu ne. Bayan shekara 50 da ɗoriya, abin da ke jerin koguna 200 ne da 'yan kai, bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na tsawon kogunan ƙasar ba. East Rosebud na Montana, mil 20 kawai, sai 2018 ya shiga, kuma mazauna wurin ne suka matsa bayan wani kamfani ya nemi kafa injin wuta a kai.

Kawu: Wannan na yarda da shi, tunda masu ɗaki ne suka ce yana yoyo. Wanda ban yarda da shi ba shi ne na taswira. Ɗana, in za su yi taron jin ra'ayin jama'a, ka je ka zauna a layin baya inda masu manyan huluna suke, ka ƙirgo mini su nawa aka ba lasifika.

Ɗan Idaho: In sha Allahu, Kawu. Sai dai a rubuce suka fi karɓa, ta intanet, kuma da wa'adi.

Kawu: Ka ji wata kuma.