Basasar Kano: me ya sa ake ta ambaton Tafashiya?

Ɗan Mandawari:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare muna zaune a teburin mai shayi wani yaro ɗan sakandare ya tambaye ni wai Basasar Kano da ake faɗa ita ce ta Biyafara? wallahi abin ya tsaya min a rai, yaro haifaffen cikin ganuwa amma bai taɓa jin Tukurawa da Yusufawa ba. Shi ne na ce bari in jefa baiti, duk mai amsawa dan Allah ya riƙe min amsa-amon "ya" kar a sauya.

Da sunan Allah zan buɗe bakina,
Ya ba ni basira in faɗi gaskiya.

Sarki Bello ya kwanta dama,
Kano ta yi tsit ana ta tambaya.

Ɗanyen Kasko yana can Sakkwato,
Ya ce Tukur ne, babu ja da baya.

Waziri Buhari ya naɗa rawani,
Zukatan ’yan sarki kuwa sun juya.

Yusufu ya fice da ’yan uwansa,
Sai Takai, can suka sauka suka shirya.

Karo nawa aka yi a wannan yaƙi,
Me ya sa sai a ce mana Tafashiya?

Malam na Ƙofar Mata:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Kafin in amsa bari in daidaita wa yara lissafi. Bello ya rasu ƙarshen 1893, shi da Abdullahi Maje Karofi duk ’ya’yan Sarki Ibrahim Dabo ne, kenan Tukur ɗan Bello da Yusufu ɗan Abdullahi ’yan gida ɗaya ne, kakansu guda. Ɗanyen Kasko kuma laƙabin Sarkin Musulmi Abdurrahman ne. Alu ɗan'uwan Yusufu ne, shi ma ɗan Abdullahi Maje Karofi, Tafashiya kuwa gari ne a ƙasar Katsina inda aka yi karon ƙarshe da Tukur.

Ka yi tambaya ɗana ka saurara,
Ba yawan dawaki ne ya sa ta yi suna ba, ka jiya.

Tukur ya yi jarumta a Argungu,
Shi ya sa Sakkwato ta ba shi kariya.

An kore shi Kano amma da ransa,
Rawanin Sakkwato na kansa bai ajiya.

Muddin mai rawani yana numfashi,
Alu na gidan Dabo ba bisa yarjejeniya.

Ran da Tukur ya faɗi a fagen fama,
Ranar ce aka tsinke igiya.

Igiyar da ta ɗaure Kano da Sakkwato,
Tun tutar Shehu ake bin ta da biyayya.

Wato abin da nake nufi, a watan Maris 1895 aka kashe a ƙasar Katsina mutumin da Sarkin Musulmi da kansa ya zaɓa, kuma Sakkwato ba ta iya rama masa ba, daga baya ma dole ta karɓi Alu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a daular da sarki ba ya zama sarki sai da yardar Sakkwato.

’Yar Yakasai:
Baba Malam Allah ya ƙara lafiya, a gafarce ni ba musu nake da babba ba amma ni a ganina an riga an gama yaƙin nan tun a Garko, Tafashiya rufe littafi kawai ta yi.

Baba na durƙusa na gaida Malam,
A yi min izini in kawo tawa shawara ɗaya.

Yusufu ya taɓa Kano da farko,
Ganuwa ta tsaya, ya koma baya.

A Garko ciwo ya kwantar da shi,
Runduna ta ga jagora zai bar duniya.

Da a nan aka raba kai kan gado,
Da tuni Tukurawa sun yi dariya.

Sai aka miƙa wa Alu ragama,
Jikan Sarkin Musulmi ta wajen mahaifiya.

Wa zai ce da shi bare a Sakkwato?
Jininsu ne ke gudu a jijiya.

Ku duba fa, mahaifiyar Alu ’yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakan nasa ma ya ci. Duk wanda ya yi wannan zaɓin a 1894 ya san cewa bayan takobi akwai zaman sulhu, kuma da Alu ne Sakkwato za ta iya haɗiye abin ba tare da ta ji kunya sosai ba.

Ɗan Fagge:
Yaya kin yi magana. Amma ni ɗan kasuwa ne, a wurina wanda ya riƙe gari shi ya ci yaƙi.

Ku bar Garko ku bar ƙasar Katsina,
Ku dubi ranar da birni ya sauya.

Alu ya shigo a 1894,
Kurmi da fada duk suka dawo hannunsa gaba ɗaya.

Sarkin da ya bar gidan Rumfa da dare ko rana,
Ko da rawani ya zama ɗan gudun hijira a hanya.

Malam na Ƙofar Mata:
’Yata hujjarki ta Garko mai nauyi ce, na karɓi rabinta. Kai kuma ɗan Fagge, riƙe gari daban halacci daban. Ai Sarkin Musulmi bai saki Tukur ba bayan ya bar Kano, ya nemi sarakuna su taimaka a mayar da shi, to a nan ne abin ya fito fili don ba su fito da ƙarfin da zai mayar da shi ɗin ba.

Garko ta haifi shugaba na yarda,
Birni ya ba shi kasuwa da dukiya.

Amma umarni ya fita daga Sakkwato,
A taru a mai da Tukur cikin lafiya.

Sarakuna suka ji suka yi sanyi,
Kowa na duban iyakarsa da zuciya.

Da takarda ta kasa tara dawaki,
Kowa ya gane an kwance tsintsiya.

Kuma ku ƙirga min sarakuna tun daga ranar: Alu, Abbas, Usman, Abdullahi Bayero, Sanusi, Inuwa, Ado, har zuwa yau duk zuriyar Maje Karofi ne. Gidan Bello bai sake hawa ba. A Tafashiya aka rufe wannan ƙofar.

Hajiya ta Gwale:
Sannunku da ƙoƙari ’ya’yana, sannu Malam. Ni ban iya waƙa sosai ba amma tun ɗazu ina karantawa ina jin sarki da sarki, ba wanda ya ambaci mutanen ƙauye. Kakata Allah ya jiƙanta in tana ba mu labarin da ta ji wurin tata kakar ba ta cewa Tukur ko Alu, cewa take lokacin da aka gudu aka bar hatsi a rumbu, kuma har ta rasu in ta ga ’yan uwa na faɗa kan gado sai ta ce ku ji tsoron basasa.

Ku kuna ƙirga rawani da kujera,
Ni ina ƙirga uwa da ta rasa ɗiya.

Musulmi ya kama Musulmi bawa,
Abin da Shehu ya hana tun da safiya.

Gari ya goyi wannan a ƙone shi,
Ya goyi wancan ma ya sha wuya.

’Yar Yakasai:
Allah ya jiƙan kaka, Hajiya kin sa jikina ya yi sanyi. Bari in ɗora a kan naki da na Baba Malam.

Shekara takwas tsakani ku lissafa,
Daga faɗuwar Tukur zuwa zuwan Birtaniya.

Damagaram ma ta leƙo har Gezawa,
Ta ga gidan da ya sha rigima jiya.

Fabrairun 1903 Nasara ya iso,
Alu ya tafi Sakkwato kai gaisuwa da mubaya'a, yana hanya.

Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi,
Alu sai Lakwaja, can ya bar duniya.

Ban ce da ba a yi basasa ba da Turawa ba su ci Kano ba, bindigar da suka zo da ita ta fi ƙarfin ganuwa, amma dai sun tarar da gida mai tabo da daular da maganarta ta riga ta yi rauni.

Ɗan Mandawari:
Na gode Baba Malam, na gode Hajiya, Yaya da ɗan Fagge Allah ya saka. Ni dai na tsaya kan Tafashiya amma baitin Garko ya shige ni. Yau bayan isha'i zan kira yaron nan in karanta masa duka a waya, in fara da na Hajiya. In akwai ɗan Katsina a cikinmu da ya san garin, dan Allah ga nawa na ƙarshe ya amsa:

Ɗan uwa na Katsina ina sallama,
Me dattawanku ke faɗa a Tafashiya?