Ƙanina sai ramewa yake, allurar homon ɗin girma za ta taimaka?

Uwar Biyu:
Salam jama'a, dan Allah a bani shawara. Ƙanina yana da cuta mai karya garkuwar jiki, wata 4 kenan da fara shan magani amma ramar taƙi tsayawa, da kilo 62 yake yanzu ya koma 51, ga gudawa yau ta tafi gobe ta dawo, wallahi in na kalle shi sai na shiga ɗaki nayi kuka. Wani yace min a Amurka akwai allurar homon ɗin girma, wato sinadarin dake sa jiki ya girma, da ake yiwa masu irin wannan ramar. Gaskiya ne?

Ma'aikacin Jinya:
Wa alaikissalam Hajiya, Allah ya bashi lafiya. Gaskiya ne, sunanta Serostim, tun 1996 hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita, lokacin magungunan kanjamau masu ƙarfi basu wadata ba mutane suna ƙarewa a tsaye. Kullum da daddare ake yinta a ƙarƙashin fata, tsoka take ƙarawa ba kitse ba, a gwajin sati 12 an samu ƙarin tsoka wajen kilo 3. Amma fa tana kumbura hannu da ƙafa, tana sa ciwon gaɓoɓi, tana hawar da suga, ba a yiwa mai kansa, dole kuma mutum yana kan ARV, wato maganin kanjamau, sannan ayi masa, ga tsada ta fitar hankali. Ni abin da yafi damuna gudawar nan ce. Mutum yana shan magani wata 4 yana ƙara ramewa akwai dalili, ku koma asibiti a duba tarin fuka ko da baya tari sosai, musamman in yana zufa da dare, a duba bayan gida, a leƙa bakinsa ko akwai farin kurajen nan dake hana haɗiya, sannan a auna yawan ƙwayar cutar a jini aga ko maganin yana aiki. Kuma ki tambaye shi a hankali ko yana tsallake sha.

Ɗan Kurna:
Dan girman Allah kar wani ya kai ku kemis a haɗa masa sha ka fashe, da yawa akwai wani magani mai suna dexamethasone a ciki, fuska ce kawai zata kumbura garkuwar kuma ta ƙara faɗuwa.

Mai Haƙuri:
Yaya nima na shiga wannan halin, har mutanen unguwa suka fara nuna ni da baki. Ashe TB ce a jikina, wato tarin fuka, da aka fara min maganinta wata 6 ina haɗawa da nawa na kanjamau sai cin abinci ya dawo, kunun gyaɗa, wake, ƙwai, kaɗan kaɗan sau biyar a rana. Kuma ki riƙa zama kuna ci tare, ni lokacin kaɗaici ne yake hana ni ci.

Uwar Biyu:
Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gaskiya yana zufa da dare kam, ban taɓa kawo tarin fuka a raina ba. Ran Litinin da sassafe zan kai shi da kaina insha Allah.