Neman kalma: na'urar da mutum ya so, kuma kwananta ya ƙare

Mai Shirin Adabi: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan naɗi shirin adabi na rediyo, batun kuwa labaran zane ne na Japan, wato manga, waɗanda ake soyayya tsakanin ɗan'adam da na'ura mai siffar mutum. Iri biyu ne. A wasu na'urar ce mai wa'adi, kamfanin da ya ƙera ta ya yanke mata kwanaki, kuma daga ita har masoyin sun sani. A fim ɗin zane na Plastic Memories na 2015 awa 81,920 aka ba su, shekara tara da 'yan watanni. A wasu kuma mutanen ne ke tsufa a gabanta tana nan yadda take, kamar a Yokohama Kaidashi Kikou da Hitoshi Ashinano ya zana daga 1994 zuwa 2006. Kalma biyu nake nema kafin dare: sunan abin da Turawa ke kira androyid, da abin da zan ce idan ƙarshenta ya zo.

Ɗan Jarida: Wa'alaikumussalam. Mutum-mutumi mana. Shi muke sawa a labarai, kowa ya san shi.

Malamar Hausa: A labarin masana'anta ya yi, a soyayya bai yi ba. Mutum-mutumi shi ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, ba ya magana, ba ya kallon kowa. Ga shi namiji ne a nahawu. Za ka ce "mutum-mutumin ya riƙe hannun saurayinsa", alhali budurwa ce a zanen?

Ɗan Jarida: To saƙago.

Malamar Hausa: Idan aka ce wa mutum ya tsaya kamar saƙago, zaginsa aka yi. Mai sauraro zai raina ta tun kafin a fara labarin.

Mai Ƙirar Kalma: Ku daina wahalar da kanku. Mutunji. Mutum da inji ne a haɗe. Mace mutunjiya, jam'i mutunjai. Gaɓa uku, tana hawa harshe, ba ta ɗauke da zagi ko yabo. Na daɗe ina kawo ta a nan, ba a ba ta dama ba ne kawai. Yaya, ka faɗe ta sau uku a shirin ka ga ko ba za ta kama ba.

Dattijo: Inji ba Hausa ba ne, ɗana. Ka ɗauko rabin kalmar Bature ka liƙa wa tamu, ka ce ka ƙera. Muna da ƙira, muna da maƙeri. Abin da aka ƙera ƙerarre ne, mace ƙerarriya, jam'i ƙerarru. Kuma don Allah kada wanda ya kawo min "halitta" a nan. Halitta ta Allah ce, kamfani ƙira yake yi.

Mai Ƙirar Kalma: Allah ya gafarta Malam, garma ma ƙerarriya ce, lauje ma ƙerarre ne. Ina mutum a ciki? Kuma idan aro haram ne sai mu mayar da mota da rediyo da kwamfuta, mu mayar wa Larabawa littafi da alƙalami. Su kansu Turawan aro suka yi. Robot daga wasan kwaikwayon marubuci Karel Čapek na 1920 ta fito, daga kalmar harshen Cek ta robota, ma'ana aikin tilas. Ba wanda ya ce musu sun zubar da mutuncin harshensu. Mutunji ta fi robot gaskiya ma, domin waɗannan na labarin ba bayi ba ne.

Dattijo: Arabiyya da Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru tare, kada ka haɗa. Ku yaran intanet kowa ya kwana ya tashi da kalmarsa. Buɗe ƙamus ka nuna min mutunji.

Ɗan Jarida: Baba, ƙamusun Hausa na Bargery a 1934 ya fito, babu kwamfuta a ciki, kuma da ita kake rubuto mana. Kalma a bakin mutane take fara rayuwa, ƙamus daga baya yake zuwa.

Malamar Hausa: Ku ma 'yan jarida ba ku da ta cewa. Kuna sauri ne ku cika minti biyar, kalmar da ta zo baki ita kuke jefawa, mu a aji mu kwana muna gyara.

Ɗan Jarida: Malama, da an jira taron masana kafin a karanta labarai da har yau ba a faɗi ƙirƙirarriyar basira a rediyo ba.

Mai Shirin Adabi: Jama'a, lokaci. Ba wanda ya taɓa tambaya ta biyu, ita ce ta fi damuna. Akwai shafin da zan kwatanta wa masu sauraro, babu rubutu ko ɗaya a cikinsa. Daga dama zuwa hagu, yadda ake karanta manga: hannun tsoho mai tamoji cikin hannunta mai santsi, sai taga, sai kujerarsa babu kowa. A ɗaya labarin kuma ita ce ke tafiya, ma'aikatan kamfani suna tsaye da takardar sa hannu. A nan me zan ce? Ta mutu? Ta lalace? Ta rasu?

Mai Ƙirar Kalma: Mutunjiyar ta mutu. Ka ji yadda suka dace?

Malamar Hausa: Mutuwa a Hausa faffaɗa ce. Agogo yana mutuwa, batir yana mutuwa, aure ma yana mutuwa. Don haka "ta mutu" daidai ne a nahawu, sai dai mai sauraro zai ji kamar waya ce ta ɗauke. "Ta lalace" kuwa yana nufin akwai gyara, a waɗannan labaran babu. Rasuwa ta mutum ce, mutumin da ake girmamawa.

Dattijo: Rasuwa sai mai rai. Wannan ba zan yarda ba ko da wasa. Abin da ba a busa masa rai ba ba ya rasuwa, ba shi da ajali.

Malamar Hausa: Ban ce a ce ta rasu ba, Baba. Abin da nake so Yaya ya lura da shi shi ne, labarin gaba ɗaya a cikin wannan saɓanin yake zaune. Kamfani yana ganin kaya ne da lokacinsu ya wuce, masoyin yana ganin wadda suka yi shekaru tare, ta san yadda yake dariya, ta san abin da ke ɓata masa rai. Idan ka zaɓi kalma ɗaya ga kowa, ka yanke hukuncin da mai zanen ya bar wa mai karatu. Ka raba bakin. Ma'aikacin kamfani ya ce "za a kashe ta", yadda ake kashe fitila. Kai mai ba da labari ka ce "wa'adinta ya cika". Shi kuma masoyin ya ce "na rasa ta". Rasa da rasu gida ɗaya suka fito, kunnen Bahaushe zai ji makoki a ciki, amma ba ka ce tana da rai ba. Mutum yana rasa uwa, yana rasa zobe.

Dattijo: "Na rasa ta" ba laifi. Wa'adi ma na ji shi da nauyi, amma tunda kamfani ne ya ɗiba mata, na bari.

Mai Shirin Adabi: Na ɗauki wannan, Malama, Allah ya saka da alheri. Suna kuwa zan ce "ƙerarriyar abokiyar zama" a farkon shiri tare da bayani, daga nan in riƙa cewa ƙerarriya. Tsawonta bai yi min ba, amma ba ta zagi kowa.

Mai Ƙirar Kalma: Kalma uku a inda ɗaya ta isa. Ko sau ɗaya ka ce "wasu na kiranta mutunjiya".

Ɗan Jarida: Su wa ke kiranta haka ban da kai? Ni dai a labarai mutum-mutumi zan ci gaba da sawa.

Mai Shirin Adabi: Zan ambace ta a ƙarshen shiri in nemi ra'ayin masu sauraro, iyakar abin da zan iya ke nan.

Dattijo: Ita kuma manga ɗin, haka za ka bar ta? Labarin zane bai ishe ka ba?

Mai Shirin Adabi: Baba, sunan abin ne a ƙasarsu, zan faɗa sau ɗaya in koma labarin zane. Na tafi rubutu.