Ziyarar Fas: ina son shiga ajin girki, ina kuma son hawan dutse da igiya

Maman Sadiƙ, Gusau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya kai mu watan Oktoba ni da maigida za mu Maroko, ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas. Bayan ziyara akwai 'yan kwanaki kafin jirginmu ya tashi daga Kasablanka, kuma ba na so su ƙare a yawon kasuwa da cinikin jallabiya.

Sana'ata abincin biki da suna. Shekara da shekaru abin da ake nema wurina bai wuce waina, sinasir, funkaso, shinkafa da farfesun kaza ba, amma yanzu amare sun fara cewa a yi masu abin da ba a saba gani ba. Na ji ana yi wa baƙi ajin girki na yini ɗaya a can. Shin ana koyon abin kirki, ko dai ɗaukar hoto ne kawai?

Na biyu shi ne wanda ya fi tsaya min a rai. Mahaifiyata 'yar Kwatarkwashi ce, muna yara in mun je hutu mukan hau dutsen har inda ƙafa ta iya kai mu. Kwanaki Sadiƙ ya nuna min bidiyon wani kwazazzabo da ake kira Todra, na ga mata da ɗankwalinsu suna hawa bangon dutse a miƙe, igiya ɗaure a ƙugu. Wallahi ina so in gwada. Na haura shekara 40, kuma ina da ɗan jiki. Maigida ya ce bai hana ba, sai dai yana son ji daga bakin wanda ya taɓa yi.

Ɗan Ƙaura

Wa alaikumus salam Anti. Na yi karatu a Maroko kuma na hau Todra. Ki gaya wa Alhaji ya kwantar da hankalinsa, matuƙar da ƙwararren jagora za ku.

Sabon shiga ba ya hawa da kansa ya kafa igiya. Jagora ne zai fara hawa, ya ratsa igiyar ta cikin ƙarafan da aka kafe a dutsen can sama, ya sauko. Bakin igiya ɗaya yana ɗaure da ɗamarar da ta zagaye ƙugunki da cinyoyinki, ɗaya bakin yana hannunsa a ƙasa, cikin wani ƙarfe mai riƙe igiya. Kina hawa yana janye rarar. Ko ƙafarki ta zame ba faɗuwa za ki yi ba, za ki tsaya ne a rataye daidai inda kike. Kafin ki taka dutse ki sa ya duba ƙullin a gabanki, ki kuma shafa igiyar da hannunki. In kin ga ta fara tsattsagewa ko ɗamarar ta ƙoƙe, ki ce a canza, ba rashin kunya ba ne. Hular kwano kuwa dole ce ko kina tsaye a ƙasa, don tsakuwa na gangarowa daga sama.

Maganar jiki, ƙafa ke hawa da mutum, hannu riƙo kawai yake yi. Masu ƙoƙarin jan kansu da ƙarfin damtse su ke fara gajiya. Hanyoyin suna da lamba gwargwadon wuyarsu, ki ce a ba ki ta 4 ko 5a. Takalmin da za su ba ki zai matse ki, haka aka yi shi, don haka ki yanke farce. Zobe da awarwaro ki cire su, zobe in ya maƙale a tsagar dutse yana iya yi wa yatsa mummunan rauni. Ki sa wando mai kauri da riga mai dogon hannu, ƙaramin hijabi kuma ki cusa bakinsa cikin riga kada ya shiga ƙarfen igiya.

Abin da ya fi ba mutane tsoro shi ne saukowa. Sai kin saki dutsen, kin jingina baya kamar za ki zauna a kan iska, ƙafafu a miƙe a jikin bango, shi kuma yana sassauta igiya a hankali. Ki ce a fara gwada maki wannan daga tsayin mutum kafin ki yi nisa.

Hajiyar Argungu

Ƙanwata, ajin girki iri biyu ne. Wanda na fara shiga an riga an yanka komai an jera a faranti, namu kawai mu zuba a tukunya. Tunda ke mai sana'a ce, kafin ki biya ki tambaya: za a je kasuwa tare? Mutum nawa ne a ajin? Kowa da tukunyarsa? In aka ce za a bi da ku kasuwar Rasif a tsohon gari, to kin samu, don nan mutanen Fas ke cefane.

Ki nace a koya maki kuskus na hannu, ba na kwali da ake zuba wa ruwan zafi ba. Ke da kika iya dambu rabin aikin kin gama, tukunyar tasu ma madambaci ce. Sau uku ake turara shi a kan miyar, kowane karo a juye a faffaɗan akushi, a yayyafa ruwa, a murza da tafin hannu da ɗan mai har ya warware. Tajin kuma, wato nama da kayan lambu da ake dafawa a tukunyar yumɓu mai dogon murfi, ruwa kaɗan yake so da wuta kaɗan: albasa a ƙasa, nama a kai, kayan lambu a jere sama, a rufe a bar shi kan garwashi, ba a juyawa. Bastila ma ki gani da idonki, abincin biki ne a Fas, kaza da ƙwai da almon cikin fallen fulawa mai siriri, a barbaɗa sukari da kirfa. Amarenki za su so ta.

Abu ɗaya nake roƙonki. Tukwanen tajin masu zane da ƙyalli na ado ne, wasu akwai dalma a fentinsu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, bai kamata mu kai ta kicin da hannunmu ba. Ki sayi ta zallan yumɓu marar fenti.

Malam na Tsafe

Hajiya, Allah ya karɓi ziyara. Ni tawa ita ce hanya. Todra kusa da garin Tingir take, kudu da tsaunukan Atlas, daga Fas yini guda ne cur a mota ta Ifran da Midelt da Rashidiyya, hanya mai lanƙwasa. Kada ku sauka a gajiye ku ce za ku hau dutse a ranar. Ku kwana, ku hau da safe, ku wuce Marrakesh ta Warzazat, daga can akwai jirgin ƙasa zuwa Kasablanka. Ku ɗauki rigar sanyi, dare a tsaunin nan ya fi hunturun Gusau. Sannan ku karanta takardar inshorar tafiyarku da kyau, da yawa ba sa biyan raunin da aka ji wurin hawan dutse sai an ƙara kuɗi tun daga gida.

Maman Sadiƙ, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida duka, ya amince, har ya ce shi zai tsaya kusa da mai riƙon igiyar. Hajiya, maganar dalma ta shige ni, da mai zanen zan saya. Sauran tambaya ɗaya: lemon nan da mutanen Maroko suke jiƙawa da gishiri, in na dawo zan iya yi da lemon tsamin kasuwarmu?

Hajiyar Argungu

Za ki iya, amma ki nemi babban mai ruwan ɗorawa, don ɓawon ake ci, na ƙaramin kuwa siriri ne kuma yana ɗaci. Ki tsaga shi gida huɗu ba tare da kin raba ba, ki cika da gishiri, ki danna a kwalba har ruwansa ya rufe shi. Wata ɗaya yake yi kafin a buɗe.